Koriyar Bindigar Auta

Duk wanda ya zauna a kamfanin nan, cikin sanyin ofis, ya yanke cewa daga yau bindiga biyu kacal mutum zai riƙa ɗauka a cikin wasan, to Allah ya isa tsakaninsa da Mai Firji. Ba ni na faɗa ba, Mai Firjin ne da bakinsa, a tsakiyar shagonsa da sassafe, da ƙarfin da ya sa matar da ta kawo gyaran firjinta ta ja da baya ta rungume jaka.

Mai Firji magidanci ne, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa, furfura ma ta fara leƙo masa ta gefen kunne. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, ƙwallo ma ko a jikinsa. Abu ɗaya ne ya kama shi, wasan harbin nan na waya. Mutum huɗu-huɗu ake shiga, a zube ku a wani rusasshen gari mai sito-sito da kwantenoni, a yi ta ɗauki ba daɗi, ƙungiyar da ta rage a tsaye ita ta ci. Shekara da shekaru sojan kowa bindiga takwas yake ratayawa, doguwa da gajera, mai ruwan harsashi da mai hangen nesa, ka juya ka zaɓi wadda ranka yake so. Rannan kawai ya buɗe waya ya tarar an sabunta wasan, ga sanarwa ɓaro-ɓaro: zaɓi biyu, sauran sun tafi. Dalili wai don wasan ya ƙara kama da gaskiya.

"Gaskiya!" in ji Mai Firji, yana nuna wa matar fuskar wayar kamar ita ta rubuta. "Hajiya, don Allah ki ji min rainin hankali. Mutumin da za a ɗirka wa harsashi a ƙirji ya ɗaura bandeji ya miƙe, mutumin da yake faɗowa daga bene hawa biyar ya karkaɗe wando ya ci gaba da gudu, shi ne wai bindiga ta uku za ta karya masa baya! Ni nan da kike gani, tukunyar gas nake ɗaurawa a bayan babur, ga jakar sifanu, ga injin walda, wani lokaci har da kwamfuresa a cinya. Wa ya taɓa zuwa ya ce min filaya biyu kawai zan ɗauka?"

Matar ta ce ita dai firjinta ne ba ya sanyi.

In da a nan abin ya tsaya da sauƙi. A ƙasan sanarwar, da ƙananan baƙaƙe irin na marasa gaskiya, akwai sauran mugunta. Bindigogin tsohon yayi ba za su shiga sabuwar ma'ajiya ba. Wadda take jikin sojanka tana nan muddin tana jikinsa, ko an kashe shi a fage za ta dawo tare da shi. Amma ranar da ka yar da ita da hannunka, in wani bai ɗauka ba kafin a tashi wasan, ta tafi ke nan har abada. Kuma tunda gurbi biyu ne, duk sa'ad da ka taɓa madannin ɗauka a kan wata bindiga da ke ƙasa, wadda ke hannunka a lokacin ita za ta faɗi.

Mai Firji bai yi dogon tunani ba. Ya zaɓi babbar bindigarsa da ya saba da ita, ya zaɓi wata 'yar ƙaramar bindigar hannu koriya shar, ya bar shida suka ɓace yana kallo.

Koriyar nan, in ka tambayi masana wasan, shara ce. Ba ta kai nesa, ba ta da ƙarfi, sai ka zazzage wa mutum ita kaf yana tsaye yana kallonka. Launin ma ciwon ido ne. A gefenta an rubuta da manyan baƙaƙe: A BI YAYA A HANKALI, TSOHO NE. Ƙanensa ne ya rubuta, Auta, wanda suke ciki ɗaya, wanda ya girma a gidansa, wanda ya fara cusa masa wasan da ƙarfin tsiya har yayan ya zama ya fi shi maita. Da ciwon ƙoda ya kwantar da Auta a asibiti, wasan nan ne ya rage musu. Mai Firji ya tashi daga aiki ya je ya zauna a bakin gado, kowa da wayarsa, ma'aikatan jinya suna harararsu. Wasansu na ƙarshe, hannun Auta yana rawa har ba ya iya saiti, sai ya kawo sojansa gaban na yayansa ya jefa masa koriyar a ƙasa.

"Riƙe min, Yaya," in ji shi. "In na warware zan karɓa. Kada ka yar min da kaya fa, na san halinka."

Bai warware ba. Wayarsa ma a rububin kwanakin nan ta shiga hannun da ba a sani ba, kamfanin kuma da ya ga an daɗe ba a shiga ba ya rufe sunansa. Tufafinsa an rabar, katifarsa an kyautar. Abin da ya rage wanda Auta ya miƙa wa yayansa hannu da hannu ya ce ajiya ce, koriyar nan ce. Da can, cikin bindiga takwas, ba ta tsare wa kowa komai ba, tana can gefe abinta. Yanzu ta cinye masa rabin ƙarfi.

Ranar da aka sabunta wasan da yamma ya nufi shagon askin Kyaftin, inda ƙungiyar take haɗuwa. Kyaftin shi ne shugaba, mai aski ne mai bakin tsiya, da shi da almakashinsa ba a san wanda ya fi surutu ba. Sai Dogo, direban motar raba kaya. Sai Ticha, malamin lissafi, wanda ya shigo ya cike gurbin Auta. Mai Firji ya shiga da zafinsa yana zaton zai tarar da 'yan'uwa a fushi, sai ya tarar Ticha har ya fara kare kamfanin.

"Ni fa ban ga laifinsu ba," in ji Ticha, yana gyara zaman tabarau. "Da can wasan na masu tara kaya ne. Yanzu dole ka yi tunani kafin ka fita: nesa za ka yi yaƙi ko kusa? Ka zaɓa, ka rasa wani abu. Kuma dole ka dogara da ɗan'uwanka, abin da ba ka ɗauko ba shi ya ɗauko."

"Ka gama?" in ji Mai Firji. "To wa ya hana mai son tunani ya ɗauki biyu tun da can? An ɗaure masa hannu ne? Kai ka ga dama ka fita da cokali ma, ba ruwana. Amma a shigo min waya ina barci a kwashe min kaya, sannan a ce gata aka yi min? Ticha, ka ji tsoron Allah."

Kyaftin ya tsayar da injin aski a kan ƙeyar wani bawan Allah. "Duk wannan ba shi ne ba. Me ka zaɓa?"

Ya nuna musu babbar da koriyar. Duk sun san Auta, Kyaftin da Dogo sun ɗauki gawarsa. Ranar dai sun ɗaga masa ƙafa.

Amma ɗaga ƙafar ba ta daɗe ba, don wasa ba ya jin kunyar kowa. Mutum mai bindiga ɗaya da rabi nauyi ne a kan ƙungiya. Harsashin babbar ya ƙare, Mai Firji ya zaro koriya yana ta ƙyas-ƙyas kamar mai kunna ashana, a zo a taka shi a wuce. Sauran mutane suna tafe suna musanya, su yar da wannan su ɗauki waccan, shi kuwa sai ya tsaya ya tabbatar babbar ce a hannunsa kafin ya taɓa komai, kafin ya gama tabbatarwa an aika shi lahira. Sau ɗaya babban yatsansa ya kusa yi masa aika-aika, don yatsan ɗan wasa ba ya shawara da mai shi, ya ga kaya a ƙasa sai ya kai kansa. Da ƙyar ya janye shi. Washegari ya yanko guntun baƙin salatif na wayar wuta, ya ninka shi ya yi kauri, ya liƙa daidai kan madannin ɗauka, yadda yatsa zai ci karo da tudu ya tuna.

Mafita ɗaya ce, kuma Dogo ne ya kawo ta. A samu wani ya buɗe sabon suna, ya shigo fage, a jefa masa koriyar ya riƙe, shi ba sai ya yi yaƙi ba, jakin kaya ke nan. To amma mutanen kamfanin nan, Allah ya saka mana, sun toshe nan ma: sabon shiga ba ya iya ɗaukar bindigar tsohon yayi sai ya kai mataki na talatin. Ticha ya ce shi zai riƙe masa na ɗan lokaci, Kyaftin ma ya yi tayi da rabin baki. Mai Firji ya ƙi. Ya san yatsunsu, irin nasa ne.

Sai ya tunkari matarsa.

Matarsa tela ce, kekenta yana falo kusa da taga, kuma in akwai abin da ta tsana a duniya bayan mai kawo ɗinki ranar biki, to wasan nan ne. Ya same ta tana cire zare da haƙori, ya zauna a hannun kujera, ya yi ta kewaye-kewaye.

"Maigida, faɗi abin da ya kawo ka, kana tare min haske."

Ya faɗa. Ta ajiye rigar da ke hannunta ta dube shi sama da ƙasa.

"Ni? Da girmana da 'ya'yana in zauna ina harbin mutane a waya? Abin da nake fama a raba ka da shi, shi za ka jawo ni ciki? Lallai ma mutumin nan!"

"Ta Auta ce."

Ta ɗauki rigar ta ci gaba da ɗinki, keken yana ƙara fiye da yadda ya kamata. Ita ta yi wa Auta ɗinkin kayan makaranta tun yana guntu, ita yake tsokana yana kiranta matarmu, ita take ɓoye masa abinci in ya yi dare. Can ta tsayar da ƙafa.

"Sa min abin a wayata. Amma wallahi ranar da na karɓi bindigar nan ba ni ba shi."

Wayyo, zo ka ga wasa! Sojanta ya yi ta karo da bango kamar makahon ɗan akuya. Ta jefa gurneti ya faɗo a ƙafarta. Ranar da ta fara kashe wani sai da ta ce masa "yi haƙuri, bawan Allah," sannan ta juyo tana masifa wai me ya sa ya tsaya a hanya. Tsakanin wuyan riga da hannun riga take shiga, tana yi tana zagin kamfanin, tana zagin maigidanta, tana zagin wayar da take ɗaukar zafi. Amma matakin yana hawa, a hankali dai, kamar ruwan famfon da ba shi da ƙarfi. Kuma tun ranar farko bindiga ɗaya take fita da ita. Maigidan ya ce mata ta cika gurbi na biyu ta fi saurin ci gaba, ta ce ya ƙyale ta, ita ta san abin da take yi.

Ana cikin haka gasar shekara ta zo, wadda ake yi a babban ɗakin wasanni na bayan kasuwa, ƙungiya-ƙungiya, a ba wanda ya ci kofi. Ranar Asabar za a yi. Ranar Alhamis matarsa tana mataki na ashirin da tara, kuma na ƙarshen nan ya fi duk na baya tauri.

Mai Firji ya je shagon aski ya ce a nemi wani, shi bana ba zai buga ba.

Kyaftin ya ajiye almakashi. "Ka ce me?"

"Mataki ɗaya ya rage mata. In ta karɓa, ku kira ni ko gasar duniya ce."

"Gasar za ta jira matarka ne? An rufe sunaye, ba a canji. In ba ka zo ba an cire mu gaba ɗaya." Ya matso, ya sassauta murya, kuma nan ne ya yi abin da har gobe Mai Firji bai yafe masa ba. "Wa ya haɗa ƙungiyar nan? Auta. Wa ya yi ta mafarkin kofin nan, har ya share masa wuri a kan shiryayyen can? Auta. Yanzu saboda bindigarsa za ka hana shi kofinsa? In yana ji, me zai ce?"

Ka ji mugun ɗan aski! Ya rasa da me zai ja mutum sai da mamacinsa. Mai Firji ya tsaya yana huci. A ƙarshe ya ce zai zo, amma da koriyarsa zai buga, wanda bai ga dama ba ya sha ruwa. Kyaftin ya ce ya ji ya gani.

Da zai fita ranar Asabar, matarsa tana zaune ta ture ɗinkin mutane gefe, waya a hannu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Da ka bari sai na kai."

"Na liƙa salatif," in ji shi. "Ba abin da zai faru."

Ɗakin wasannin ya cika maƙil, zafi kamar gidan burodi, fankoki suna juya iska ɗaya. An jera tebura, an kafa babban allo a bango inda 'yan kallo suke ganin abin da ke gudana. A bakin ƙofa alƙalan gasa suna duba wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wani mai rataye da kati a wuya ya juya wayar Mai Firji, ya sa farce a kan salatif ɗin.

"Wannan fa?"

"Tunatarwa ce. Ba ya ƙara min komai, rage min ma yake yi."

"Doka ta ce ba a liƙa komai a fuskar waya. A cire, ko ƙungiyarku ta fita."

"Wace irin doka ce wannan? Salatif ne fa, malam, salatif! Harbi yake yi?"

Yana cikin bayani, layi ya fara gunaguni a baya, sai Kyaftin ya miƙo hannu ta kafaɗarsa ya ɓanɓare abin, ya murza shi a yatsa ya yar. "An cire, ranka ya daɗe. Mu je." Ko kallonsa bai yi ba.

Abin haushi, sun yi wasa ranar kamar ba su ba. Dogo ya zama aljani, Ticha yana lissafa inda abokan gaba za su ɓullo kamar shi ya aike su. Mai Firji kuwa yana tattalin harsashi, yana bin bango, babban yatsansa a ɗage can nesa da madannin ɗauka har ya fara yi masa tsami. Suka tsallake zagaye na farko, suka tsallake na biyu, kafin la'asar sai ga su a wasan ƙarshe.

A wasan ƙarshe wanda ya faɗi ya faɗi, ba tashi. Ticha ne ya fara tafiya. Dogo ya tafi da mutum biyu kafin a kwantar da shi. Kyaftin ya kashe ɗaya, shi ma aka ɗauke shi daga saman bene. Aka bar Mai Firji shi kaɗai da mutum ɗaya, a cikin wani dogon sito mai kwantenoni, ɗakin gaba ɗaya ya miƙe tsaye.

Suka yi musayar wuta, mutumin ya faɗa bayan kwantena. Mai Firji ya danna, babbar ta ce ƙyas. Babu ko ɗaya. Ya juya ya zaro koriya. A babban allo kowa ya ga 'yar abar nan shar da rubutunta, wasu suka fashe da dariya, wani ya karanta da ƙarfi, "A bi Yaya a hankali!" Ya ja da baya yana neman mafaka, sai ga ta a ƙasa daidai ƙafar sojansa: bindiga mai ruwan harsashi, cike, irin wadda ake mafarki.

Ya san abin da ya kamata. Kamata ya yi ya mayar da koriya, ya riƙo babbar da ta ƙare, sannan ya ɗauka. Taɓawa biyu ce, ya yi ta sau ba adadi. Amma ga takun mutumin yana zagayowa, ga ɗaki ya ɗauki ihu, ga Kyaftin a kunnensa yana dukan tebur.

"Ɗauka! Ɗauka! Ɗauka mana, don Allah!"

Yatsan ya tafi neman tudun salatif, bai samu ba, ya sauka a kan madannin ɗauka.

Ya ga koriyar ta faɗi. Da idonsa ya gan ta, kwance a kan simintin sito, rubutun yana sama. Ya buɗe baki, ya fara jan yatsan ya koma ya ɗauke ta, sai mutumin ya ɓullo daga bayan kwantena, kuma hannun da ya shekara yana koyon abu ɗaya ya yi abin da ya koya. Harbi ɗaya ne mai tsawo. Mutumin ya zube. Allon ya yi fari, aka rubuta NASARA da ruwan zinariya, sito da kwantenoni da duk abin da ke ƙasa suka shafe.

Ɗakin ya kece da ihu. Dogo ya sure shi ya ɗaga sama, mutanen da bai taɓa gani ba suna dukan bayansa. Shi kuwa yana ta fizge-fizge yana cewa a sauke shi. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya buɗe kayan sojansa. Gurbi na farko, babbarsa. Gurbi na biyu, baƙuwar bindiga, baƙa wuluk, ba rubutu.

Ya ture mutane ya isa teburin alƙalai. "Ku mayar da wasan baya."

Mai katin ya yi dariya, ya zaci murna ce. "Kun ci, Alhaji!"

"Na ce ku mayar! Ku soke cin, ku ba su kofin, ban damu ba. Akwai kayana a ciki, na yar da kaya a sito. Minti ɗaya kawai, in shiga in ɗauko."

"Ai ba a hannunmu yake ba. In an tashi an tashi. Ko kamfanin ma ba ya dawo da na tsohon yayi, yana cikin sanarwa."

"Kai ka sa aka cire min salatif!"

"Doka ce, Alhaji."

Doka, doka, kowa doka! Wanda ya ƙwace bindiga shida doka, wanda ya hana ajiya doka, wanda ya ɓanɓare salatif doka, kuma a cikinsu duka ba wanda za ka kama wa wuyan riga. Mai Firji ya tsaya a tsakiyar ɗakin nan, ga kiɗa an saki, ga masu ɗaukar hoto suna ce masa ya yi murmushi.

Kyaftin ya iso da kofin a rungume, fuska kamar an yi masa albishir da gida. Da ya ga idon Mai Firji sai ya ɗan rage fara'a.

"Haba, kada ka ɓata mana rana. Na san da ciwo. Amma dubi, kofin Auta ne fa! Gobe sai mu samo wata ƙaramar, a yi mata koren fenti, a rubuta abin da ya rubuta, wa zai gane?"

Sai da Dogo da Ticha suka shiga tsakani. Ticha, da yake ya fi su hankali, bai ce komai ba game da tunani da zaɓi, ya dai riƙe masa hannu har ya lafa. Kyaftin ya tsorata, ya tura masa kofin a ƙirji ya ce shi ya fi cancanta ya kai gida. Kofin roba ne da aka fesa wa ruwan zinariya, ko nauyin sifana ɗaya bai kai ba. Mai Firji ya rasa inda zai jefar da shi a gaban mutane, ya cusa shi a jakar kayan aiki, kan kofin ya leƙo waje.

Bai san yadda ya tuƙa babur ya iso gida ba. Rana tana shirin faɗuwa, yara suna wasa a ƙofar gida, suka ga kofi suka bi shi da tsalle, ya ce su ba shi wuri. Tun daga tsakar gida ya lura ba ƙarar keke.

Kafin ya taɓa labule ta yaye shi da kanta. Ɗankwali ya zame, ido ya yi ja saboda kallon waya, ga ɗinkin mutane can a tule ba ta taɓa ba tun safe. Rabon da ya ga irin wannan murnar a fuskarta tun kafin asibiti.

"Na kai!" in ji ta, tana ɗaga masa wayar. "Maigida, na kai talatin! Yanzun nan, ko minti biyar ba a yi ba. Wani ɗan banza ya kashe ni sau uku, na huɗu na ce yau ko ni ko kai. Maza buɗe taka ka jefo min ita in huta, yatsuna duk sun mutu."

Bai buɗe wayar ba. Ta dubi kofin da ke leƙowa daga jaka, ta dubi fuskarsa, hannunta ya fara sauka a hankali.

"Ina take?"

Ya miƙa mata wayarsa. Ta duba gurbi na farko, ta duba na biyu, ta sake dubawa. Ba ta yi masifa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta koma ta zauna a kujerar keke ta ajiye wayoyin biyu a kan ɗinki, gefe da gefe. A fuskar tata wayar sojanta yana tsaye yana jira, bindiga ɗaya a kafaɗa, ɗaya gurbin fayau, yadda yake tun ranar da ta fara.

"Ni fa wuri na bar mata," in ji ta.